Iri da Rumbu: Abin da Gidan Albasa ke Bar wa 'Ya'yansa

  Yau zancen albasa za mu yi. Duk wanda ya zauna bakin babbar hanyar da ta taso daga iyakar Burkina Faso ta ratsa Dapaong da Kara da Sokode ta nufi Lome, ya san a watannin Maris da Afrilu tun kafin ka ga wata motar hancinka ya gaya maka abin da ta ɗauko. Mafi yawan wannan kaya daga Nijar da Burkina yake fitowa, alhali a lardin Savanes na Togo ma ana noman rani, a bakin madatsun ruwa da fadamu da gaɓar kogin Oti. Tambayar da ta dame ni ita ce: me ya sa wani gidan yake noman albasa tun daga kaka har jika, wani kuwa ya shiga da ƙarfinsa, ya sayi injin ban-ruwa, bayan rani uku ya sayar da injin ya koma acaɓa? Jama'a sukan ce fili ne, ko jari, ko sa'a. Ni a ganina gidan da ya daɗe a wannan sana'a shi ne wanda ya riƙe farkonta da ƙarshenta a hannunsa, wato irin da zai shuka da rumbun da zai ajiye. Wanda ya saki waɗannan biyun, ko filinsa ya kai ina, ƙwadago yake yi wa mai sayar da iri da mai sayen buhu.

Bari mu soma da Galmi, tunda sunanta ne a bakin kowane ɗan kasuwar albasa daga Abijan har Kotonu. Galmi gari ne a jihar Tawa ta Nijar, a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, kuma kwarin Maggiya da na Tarka su ne cibiyar wannan noma. Nijar tana noma albasa fiye da tan miliyan 1 a shekara, ita ce kuma kan gaba wajen fitar da ita a Afirka ta Yamma. To, ƙasar Galmi ba ta fi ta kowa ruwa ba, zafinta ma ya fi na Dapaong. Abin da ya ɗaga ta shi ne irin nan mai launin shunayya, wanda manoman yankin suka yi zamani bayan zamani suna zaɓensa da ido da hannu: mai faɗin gindi, mai siririn wuya, mai busasshen ɓawo, mai yaji, wadda za ta sha tafiyar kwanaki a bayan mota ba ta yi ruwa ba. Masu bincike sun zo daga baya sun tace shi, amma a lambunan talakawa suka same shi. In kuna son sanin darajar wannan iri, ku tuna rigimar da ta tashi a 2009, lokacin da aka gano kamfanin iri na Tropicasem da ke Senegal ya nemi a yi masa rajistar mallakar sunan irin Galmi a hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda Togo da Nijar duk mambobinta ne. Ƙungiyoyin manoma da gwamnatin Nijar suka ƙi, kamfanin ya janye daga wannan suna, daga baya kuma albasar Galmi ta samu rajistar da ta ɗaure sunanta da ƙasarta. Kamfani ba ya kashe kuɗin lauya a kan abin banza. Shi ya gane inda dukiyar take, mu ne muke wasa da ita.

Me ya sa iri ya zama abin gado, ba abin da za ka tsinta a kasuwa ranar shuka ba? Dalilin yana cikin halittar albasar kanta. Masara ko gero, ka shuka bana ka cire irin baɗi a bana. Albasa rani biyu take ci kafin ta ba da iri na ƙwarai. A rani na farko ka yafa iri a wurin reno wajen Oktoba ko Nuwamba, bayan kwana 40 zuwa 45 ka dasa, ka yi ta ban-ruwa har Maris ko Afrilu ka cire. Daga cikin abin da ka cire ne za ka ware uwaye, mafi kyawun siffa da lafiya, ka tsare su har damina ta wuce, ka sake binne su da farkon sanyi. Sanyin hunturu shi ke sa su fitar da sanda da fure, sai a ƙarshen rani na biyu ka karkaɗe baƙin irin. A nan ne gaggawa take halaka mutane. A kowane lambu akwai 'yan albasar da ke yin fure tun ranin farko, manomi sai ya ga banza ta faɗi, ya tara irinsu. Bai san halin saurin fure yake zaɓa ba, kuma albasar da ta yi sanda tana da ƙarfi a tsakiya, ba ta nauyi, ba ta ajiyuwa. Ya maimaita haka sau uku ko huɗu, sai ya wayi gari rabin lambunsa fure ne, yana cewa ƙasa ta gaji. Ga kuma ƙudan zuma da sauran ƙwari da ke ɗaukar garin fure daga wannan lambu zuwa wancan, shi ya sa masana suke cewa a raba lambun iri da na wata albasar daban da tazarar da ta kai kimanin kilomita 1. In maƙwabcinka ya bar farar albasa ta yi fure kusa da taka, baɗi za ka ga abin da Bahaushe yake nufi da albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sannan irin albasa ba ya daɗewa da rai. A zafinmu da damshinmu, shekara guda ta isa ta rage masa ƙarfin tsiro sosai. Ka ga kenan ba abin da za a kulle a akwati a bar wa magada ba ne. Dole kowace shekara a samu wani a gidan da ya san wadda za a ware, kuma wannan ido ba ya samuwa sai yaro ya tsuguna kusa da babba a lokacin cira.

Na san abin da wani matashi a Dapaong zai ce: Malam, zamani ya wuce nan, irin gwangwani na kanti ya fi tsiro daidai, ya fi yawan buhu, har akwai wanda ake shukawa da damina. Gaskiyarsa, kuma ban ce a guje shi ba. Irin kamfani mai kyau ya fi gurɓataccen irin gida nesa ba kusa ba, kuma irin damina yana kawo albasa kasuwa a lokacin da take tsada. Amma a duba abu biyu. In irin aure ne, wanda kamfani ya haɗa daga iyaye biyu, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu, don haka kowace shekara sai ka koma kanti, a farashin da aka yanka maka, a ranar da kayan suka iso. Kadada ɗaya tana cin kilo 4 zuwa 5 na iri, kuma albasa ba ta jiran kowa: in ka makara da dashe, zafin Maris ya riske ta kafin ta yi gindi, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye su taso mata. Manomin da irinsa ke rataye a ɗakinsa shi ke zaɓen ranar shukarsa. Abu na biyu, ba kowane irin da ke cika buhu ne ke jure rumbu ba. Sau da yawa girman ruwa ne. Shawarar da ta fi kama hankali ita ce gida ya raba ƙafa: wani sashe na irin kanti don sayarwar nan take, wani sashe na irin gida da aka san halinsa don ajiya. Wanda kuma irin gidansu ya riga ya lalace, ya nemi tsabtatacce ta hannun malaman gona na ICAT ko masu bincike na ITRA, ya mai da shi tushen da zai ci gaba da zaɓe a kai.

Wannan magana ta ruwa da yaji ita ta kawo mu ga albasar da ake kira mai zaƙi, wadda masu otal da masu haɗa salak a Lome suke nema, har wasu suna ganin ita ce mafita. Yajin albasa da hawayen da take sa mai yanka daga sinadaran farar wuta suke, waɗanda take zuƙa daga ƙasa. In ƙasa ba ta da farar wuta da yawa, irin kuma mai sanyin hali ne, aka ba shi ruwa sosai, sai albasa ta fito ba yaji, a ci ta ɗanya. Shahararriyar irin wannan ita ce ta Vidalia a jihar Jojiya ta Amurka, inda aka soma nomanta tun shekarun 1930, kuma har yau akwai gidajen da jikoki ke kan gonar kakanninsu. Sai dai abin da ya rage mata yaji shi ya rage mata ƙarko, don ruwanta ya yi yawa, ɓawonta ba kauri. Manoman can ba zaƙi kaɗai ne ya riƙe su ba. A 1986 majalisar jihar ta yi doka cewa babu albasar da za ta ɗauki sunan Vidalia sai wadda aka noma a cikin gundumomi 20 da aka ƙayyade, a 1989 gwamnatin tarayya ta ƙara nata tsarin, akwai jerin irin da aka yarda a shuka, akwai ranar da hukuma take sa wa kafin a fara fitar da kaya, sannan suka zuba kuɗi a manyan ɗakunan ajiya masu sanyi da ake sarrafa iskar cikinsu don tsawaita lokacin sayarwa. Wato ko a can, da duk arzikinsu, iri da rumbu suka tsare. Manomin Savanes da ba shi da wutar lantarkin da zai kunna irin wannan ɗaki, in ya cika lambunsa da albasa mai zaƙi, sai ya tabbatar akwai mai saye a tsaye kafin ya cire. 'Yan kwamai kaɗan don kwastoman da aka sani, babu laifi. Amma tukunyar yawancin mutanenmu mai yaji take so, wadda guda ɗaya za ta ɗaga miya, kuma ita ce mai kai wa damina.

Yanzu rumbu. Matsalar kasuwar albasa a wannan yanki kowa ya san ta: kowa yana cirewa a lokaci guda. Galmi da Madawa, Malanbil a Benin, Bawku a Gana da ke nan kusa da Sinkase, Aliero a jihar Kebbi, duk a tsakanin Fabrairu da Afrilu suke zubo kaya, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Daga Agusta zuwa Disamba kuwa kaya ya yi ƙaranci, buhu ya ninka sau biyu ko uku, wata shekarar fiye, har albasar Holan ta samu ƙofar shigowa ta tashoshin jiragen ruwa. Ribar albasa tana cikin waɗannan watanni na tsakani, kuma wanda kayan ke hannunsa a lokacin shi ke cin ta. Manoman Nijar suna da rudu, ɗan ɗakin kara da ciyawa mai shan iska, an ɗaga gadonsa daga ƙasa. Ba wani abin mamaki ba ne a ido. Asirin yana cikin abin da aka yi tun albasa tana ƙasa. Wanda ya yi niyyar ajiya ba ya labta yuriya a ƙarshe, don tana kumbura wuya, ta wuyan nan kuma ruɓa take shiga. Yana yanke ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira, ya jira yawancin ganyen ya kwanta da kansa. In ya cire, ya bar ta ta sha iska a inuwa ko a ƙarƙashin lawashinta har wuya ya bushe ƙamas, ba ya yanke ganye daf da gindi, ba ya jifa da ita. Mai rauni da mai tagwaye da mai sanda, kasuwa nan take. A cikin rumbu ba a tula ta, shimfiɗa ake yi ba zurfi, a riƙa shiga ana tsince wadda ta soma lalacewa. Duk wannan ba ya buƙatar miliyoyi. Haƙuri yake buƙata, da mutum a gida wanda aikinsa kenan.

Sai mai ƙorafi ya ce: ai ajiya asara ce, ana iya rasa kashi 1 cikin 3 ko fiye, ga bashin mai da taki, ga kuɗin makaranta, wa zai jira Satumba? Wannan shi ne ƙorafi mafi nauyi, kuma ba a amsa shi da wa'azi. Mu yi lissafi. A ce ka cire buhu 100. Ka ajiye, 30 suka tafi a ruɓa da raguwar nauyi, saura 70. In farashi ya ninka sau biyu kawai, kuɗin buhu 140 na ranar cira ka samu. In kuwa asarar ta kai rabi, farashi kuma ya tsaya a ninki biyu, ka yi wahalar banza. Ka ga ashe magana ta koma kan irin da aka shuka da yadda aka busar, su ne ke yanke hukunci tsakanin 30 da 50. Game da matsin kuɗi kuwa, babu wanda ya ce a ajiye duka. A sayar da abin da zai biya bashi, a tsare ko da kashi 1 cikin 4. A Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 aka yaɗa tsarin nan na kulle amfanin gona a ma'ajiyar ƙungiya a karɓi rance a kansa daga asusun ajiya da lamuni, a biya bayan farashi ya tashi. An fi yin sa da hatsi da wake, don masu ba da rance suna tsoron kayan da ke ruɓewa, kuma tsoronsu yana kan hanya. Abin da zai kwantar musu da hankali shi ne ƙungiyar da ta rubuta nawa ta zuba, nawa ta fitar, shekara bayan shekara. Asusu irin na FUCEC lissafi yake ji, ba rantsuwa ba.

Ban kuma yarda da masu mai da ɗan kasuwa azzalumi a wannan zance ba. Mutanen zango sun san tarihin kansu. Unguwar Didaure a Sokode da garin Mango sun tashi ne a kan hanyar fatake masu bin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gonja, kuma amanar nan ta fatoma da baƙonsa ita ce har yau take sa a ɗora buhu ɗaruruwa a Tawa a karɓi kuɗi a Lome ba takardar banki. Ɗan kasuwa yana ɗaukar kasadar hanya da ta shingaye da ta ruɓa. Abin da nake cewa shi ne ciniki tsakanin mai iya jira da wanda ba ya iya jira ba ciniki ba ne. Manomin da ya karɓi iri da mai a hannun mai saye tun Oktoba ya riga ya sayar kafin ya shuka. Akwai kuma rabon aiki da yanayi ya riga ya yi mana. Dapaong tana samun ruwan sama kimanin milimita 1000 a shekara, hunturunta mai tsawo ne, iskarta busasshiya; Sokode ta fi ta ruwa da damshi, daminarta ta fi tsawo. Noma da busarwa da ajiya sun fi dacewa da arewa, Sokode kuwa mahaɗar hanyoyi ce, ga ta Basar zuwa Gana, ga ta Camba zuwa Benin. Ɗan kasuwar Sokode da ya sa hannu aka gina rumbu a ƙauyen da yake saye, aka yi yarjejeniyar raba ribar damina, ya fi wanda ya kwaso ɗanyar albasa a Afrilu ya tula a shago mai rufin kwano dabara.

Wasu za su ce ina amfanin duk wannan, tunda ba za mu taɓa kamo Nijar ba? Ba sai mun kamo ta ba. Kasuwar Togo kaɗai ta fi ƙarfin abin da ake nomawa a cikin gida, kuma manomin Savanes ya fi na Galmi kusa da Lome da ɗaruruwan kilomita. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai da rufe gadar Gaya da Malanbil, kowa ya ga yadda hanyar kaya take iya canzawa dare ɗaya, farashi ya bi ta. Senegal ta daɗe tana dakatar da shigo da albasar waje a lokacin da manomanta ke cirewa, nomanta kuma ya haɓaka ƙwarai. Amma ko can kukan da ake yi kowace shekara na wurin ajiya ne. Rufe iyaka ba ya busar da wuyan albasa.

Saura maganar gida kanta, wadda ita ce ba a son taɓawa. Da yawa daga masu lambu, musamman baƙi da mutanen zango, ba su mallaki filin da suke nomawa ba. Aro ne ko haya daga masu ƙasa, Moba ko Gurma, ko kuwa kaso ne a bakin madatsa. A yankin Kpendjal kuma, tun hare-haren da suka soma a Nuwamban 2021 da dokar ta-ɓacin da aka sa a lardin Savanes a Yunin 2022, akwai iyalan da suka bar gonakinsu ba shiri. Duk wannan yana ƙara nuna cewa abin da gida zai iya tabbatar wa ɗansa shi ne abin da ke kansa da hannunsa. Inda kuma filin na gida ne, rabon gado yakan yanka lambu gunduwa-gunduwa, alhali rijiya da inji da rumbu ba sa rabuwa. Tsohon tsarinmu na gandu da gayauna yana da amsa a nan: a raba haƙƙi yadda shari'a ta ce, kowa ya san kasonsa, amma a bar ruwa da iri da ajiya a haɗe. Kuma iyaye su ji wannan da kyau: saurayin da ya yi wata biyar yana ban-ruwa tun asuba, aka sayar bai san nawa aka sayar ba, aka ba shi kuɗin sabulu, ba raina noma ya yi ba in ya tafi Lome ko wurin haƙar zinariya. A ba shi kwamansa da zai sayar da kansa, a zauna da shi ranar ciniki, a nuna masa littafin bashi. Haka mata da 'yan mata, waɗanda su ne ke yawancin dashe da cirar ciyawa da tsince ta rumbu da kasa ta a kasuwa. Sau da yawa uwar gida ta fi kowa sanin wadda za ta kai Oktoba, sai a yi taron ƙungiya ba a kira ta ba. Dokar filaye ta Togo ta 2018 ta ba mace damar mallakar ƙasa daidai da namiji, kuma gidan da ya ba 'yarsa kwami da ƙullin iri bai yi asara ba ko ta yi aure a wani gari.

Ga masu shirin shuka bana, kafin ku yafa irin da ke hannunku, na gida ne ko na kanti, ku ƙirga ƙwaya 100 ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ku ajiye a inuwa kuna yayyafa masa ruwa. Bayan kwana 10 zuwa 12 ku buɗe ku ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun haura 70, bismillah. In ba su kai rabi ba, ku nemi wani tun da sauran lokaci. Ranar cira kuma, a ware uwayen iri tun kafin motar mai saye ta tsaya, don in ta tsaya mafi kyawun yake fara nunawa.